Gasar Alkafura a Gidan Dare

Duk mai son shirya wa 'yan makaranta gasar tsalle-tsalle a Sakkwato, kada ya wahala da neman filin wasa na Giginya. Ya zo Gidan Dare bayan la'asar, inda tifa ta juye yashin gini. Yara sun riga shi buɗe gasar: silifa sanye a hannu, wando a yage, alkafura uku ba numfashi.

A 1976 'yar wasan tsalle-tsalle Nadia Comaneci ta ci maki goma cif a Montreal tana 'yar shekara 14, amma ita ba wanda ya biyo ta da bulala. Nan alƙalin shi ne mai yashin. Da ya ce, "Kai, 'ya'yan wa ke nan?" sai gasar ta koma ta gudu.