Allah Ya Ƙara wa Majalisar Sama Road Basira

Duk wanda ya ce masana sun yi ƙaranci a Sakkwato, to bai taɓa bi ta Sama Road bayan sallar isha'i a watan Yuli ba. Ya zo ya raɓe kusa da teburin mai shayi, inda benci biyu suka haɗa kai, ya kasa kunne. Zai ji ilimin da ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba a buɗe masa sashe ba: abin da ya rage wa Arsenal, da cutar da ke cin tsakiyar Manchester United, da yawan 'yan bayan da ya kamata Chelsea ta sallama kafin Asabar. Kuma duk kyauta. A Landan ana biyan mutane albashi mai tsoka su yi wannan tunanin, su kwana suna kallon faifan wasanni, su ƙare da kuskure. Mu a nan kofin shayi ɗaya da rabin burodi ya wadatar, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kuskure ba.

Na ce "mu" don ni ma ina da gurbi a bencin, can gefen da ƙusa ta fito. Ba zan yabi mutanena ina ɓoye kaina ba.

Lokacin ma abin sha'awa ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Agusta Turawa suna hutun ƙwallo, mai gidan kallo ya ba janareta hutu, hadari yana haɗowa ta gabas, manoman Kware da Wamakko suna duƙe a gindin gero. Kowa da shukarsa. Tamu shukar ta baki ce, kuma ta fi ta gero albarka, domin ba ta jiran ruwa, ba ta son taki, tsuntsu ba ya cin ta. A waɗannan watannin ba a buga wasa, saboda haka ba a cin kowa. Manchester United da ta ƙare ta 15 a teburin Firimiya a 2025, ta kuma je Bilbao Tottenham ta ɗauke mata kofin Europa da ci ɗaya, a watan Yuli ita ce za ta cinye duniya, muddin an bi shawararmu.

Abin da ya fi burge ni da 'yan majalisa shi ne kyauta. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ke zama kusa da ni. Na taɓa hawan mashin ɗinsa, muka yi ta ja-in-ja a kan naira hamsin har rana ta kusa gasa mu, bai sassauta ba. Da dare sai ga shi a kan benci, waya a hannu, gilashinta a tsage, cajinta saura kaɗan. Aka ce masu wani ɗan wasa sun tsaya a kan fam miliyan 80. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Miliyan tamanin? Ai araha ta, Alhaji! A biya kuɗɗi a ɗauko yaro. Rowa ta ka kashe mu."

Ka ji ɗan halak. Fam miliyan 105 da Arsenal ta zuba wa West Ham a kan Declan Rice a 2023, in ka juya su a canjin 2025 sun kai naira biliyan 200. A majalisarmu ana kashe irin wannan sau uku kafin tukunyar shayi ta biyu ta tafasa, ba wanda hannunsa ya yi rawa. Ina attajirin da zai yi haka? Aliko Dangote ya shekara da shekaru yana cewa yana sha'awar sayen Arsenal, bai saya ba. Mu mun saya tuni, mun sauke mai ita, Kroenke, mun naɗa kwamiti, har mun fara rigimar cikin gida.

Kalmar da ke riƙe da wannan daula ƙarama ce ƙwarai: "mu". Mun sayi wane. Mun sayar da wane. Ba mu da lamba tara. Bashi ya yi mana yawa, Glazer masu United sun cuce mu tun 2005. Mutum zai faɗi haka da ƙunar zuci irin ta wanda aka cinye wa gadon uba, alhali ko sunan unguwarsa ba a taɓa ji a Manchester ba. Ni ban ga zumuncin da ya kai wannan tsarki ba. Zumuncin da muka saba ƙafa yake so, ka je a zo maka. Wannan kuwa kai kaɗai ke zuwa, kai kaɗai ke kuka, kai ke sayen data, kai ke sayen riga a kasuwa, ba ka jiran ko sannu. In wannan ba ikhlasi ba ne, malamai su faɗa mana sunansa.

Sai kuma ƙwarewa. Dattijon da zai sayi ragon layya a Kara sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙori, ya taɓa ƙugu, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi dillali, ya tafi ya dawo. Wahalar banza. Ɗan majalisa yana ganin faifan minti uku a TikTok, mai kiɗa a ƙarƙashi, ya gama sanin yaro ciki da bai: shina da gudu, shina da yanka, ƙafar hagu kamar wuƙa. Haka aka yi a 2022 da Antony na Ajax. Na shaida da kunnena, sati uku majalisa ba ta da wata addu'a sai Allah Ya kawo shi. Allah Ya amsa, United ta biya yuro miliyan 95. Yaro ya zo ya yi ta juyi da ƙwallo wuri ɗaya kamar mai neman allurar da ta faɗi. Bayan shekara uku aka miƙa shi ga Real Betis a kan kuɗin da bai kai sulusin na sayensa ba. Na zagaya majalisa ina neman wanda ya ce a saye shi. Wallahi ban samu ko mutum ɗaya ba. Ashe kowa ya faɗa tun farko cewa yaron ba shi da komai, ni ne kunnena ya yi nauyi.

Na Scott McTominay ya fi daɗi. Shekara da shekaru hukunci ɗaya ne a kansa: a sayar, ko da bashi, ko a haɗa da gyara. A 2024 aka sayar wa Napoli. A 2025 ya ɗauki kofin Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Daren da labari ya iso, wani tela da ke cikin manyanmu ya aje kofi, ya girgiza kai cikin takaici.

"Kun gani ko? Wanga yaro ni ban yarda a sai da shi ba. Shugabannin nan ba su san ƙwallo ba."

Duk muka ce gaskiya ne, Malam. Wannan ita ce baiwar da na ce Allah Ya ƙara: mantuwa mai tsabta, wadda ba ta barin tabo. Telan nan, in ba a manta ba, shi ne ya riƙe mini yadi sati shida har sallah ta wuce na sa tsohuwar riga. Ban riƙe shi a zuci ba. Mutumin da aka ɗora wa gyaran tsakiyar Manchester United, ina ya ga lokacin wuyan riga?

Ba a taɓa rufe zama ba tare da an taɓo lamba tara ba. 'Yan Arsenal sun zo na biyu sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, kuma kowace shekara maganin ɗaya ne a bakinsu, kamar mai tallar maganin gargajiya a tasha: a sawo mai cin ƙwallo. Da aka kawo Kai Havertz daga Chelsea, aka ce wannan ba lamba tara ba ne, dogo ne kawai. Da aka kawo Viktor Gyökeres daga Sporting a Yulin 2025, an yi murna kwana biyu, rana ta uku wani ya gano cewa ashe matsalar tun asali a gefen hagu take. Haka ake so. Majalisar da matsalarta ta ƙare ai ta mutu, mai shayi ya kwashe benci.

Amma daren da ba zan manta ba shi ne na ƙarshen Agustan 2024, daren Osimhen. Ɗan ƙasa ne, gwarzon Afirka na 2023, kuma 'yan Chelsea sun riga sun ba shi riga da ɗaki. Wuta ta ɗauke, ba wanda ya motsa. Fuskoki goma sha biyu a cikin hasken waya, kowa yana jan allo ƙasa da babban yatsa yana jiran Fabrizio Romano, Ba'italiyen nan da in ya ce "hiya wi go" magana ta zauna kamar an shafa fatiha. Wani ya ce Al-Ahli ta Saudiyya ta shigo da buhu. Wani ya ce ƙarya ne, yaro Landan yake so. Wani matashi wayarsa ta mutu, ya koma bayan ɗan kabu-kabu yana leƙe ta kafaɗa, sauro yana cin ƙafarsa bai sani ba. Aka rufe kasuwa ba Chelsea ba Saudiyya. Bayan 'yan kwanaki yaro ya tafi Galatasaray aro, ya ci ƙwallo 26 a gasar Turkiyya, ya ɗauki kofi. Mutanen da suka yi wannan tsayuwar dare, da yawansu asuba ta wuce su. Amma a yi adalci, ba kullum ake rufe kasuwa ba.

Yanzu bari in zo kan halin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda maƙiya ke kira sakaci, ni kuwa nake kira kunya.

A garin nan akwai filin wasa, Giginya. Sunan ba na wasa ba ne: a Giginya aka gwabza ranar 15 ga Maris 1903, ranar da rundunar Ingila ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru. Jikokin waɗanda suka tsaya ranar nan su ne yau ba sa iya cin tuwo in an ci wata unguwa ta arewacin Landan. Wace yafiya ce ta kai wannan? Kuma a filin akwai ƙungiya, Sokoto United, tana buga gasar ƙasa mai daraja ta biyu. A 2024 ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na neman hawa babbar gasa a Enugu, ta dawo ba ta hau ba. Ƙungiyar da ta kai bakin ƙofa ta dawo, in da mai buƙatar a zauna a lissafa abin da ya rage mata, ai ita ce.

Wani dare wani yaro ɗan sakandare, da ya zo sayen wa babansa shayi, ya tsaya yana sauraron yadda muke rarraba 'yan bayan Chelsea. Da aka ɗan tsagaita sai ya ce, "Baba, to mu wa ab lamba taranmu a Sokoto United?"

Shiru. Cokali kaɗai ke ƙara a kofi. Mutanen da suka san albashin mai tsaron gida na uku a Liverpool, suka san ranar da kwantiraginsa zai ƙare da sunan dillalinsa, aka rasa mai buɗe baki. Ni ma na duƙar da kai ina gyara takalmi. Can telan ya ce, "Kai yaro, kai ma babanka shayi kar shi huce."

Wanda bai san al'ada ba zai ce jahilci ne. A'a. Uwa ta gari ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai ta bar wa kishiya. Haka muka ɗauki Sokoto United. Tsabar ƙauna ce ta hana mu sanin sunan 'yan wasanta, alkunya ce ta hana mu taka ƙafa Giginya. Kanawa ba su da wannan tarbiyya. Su sai su cika filin Sani Abacha suna ihu a kan Pillars ba ko kunya, shi ya sa ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, uku a jere daga 2012 zuwa 2014, har Ahmed Musa ya gama yawon Rasha da Ingila da Saudiyya ya dawo ya sa rigarta. Allah Ya tsare mu da irin wannan rashin ta-ido.

Akwai kuma hikima a ciki, wadda sai da na daɗe a benci na gane. A Giginya, in ka ɗaga murya koci zai iya jin ka. Kana iya haɗuwa da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure. In ka ce akwai wani yaro a filin unguwarku da ya fi wanda ake sakawa, ana iya cewa kawo shi gobe da safe a gwada. Ka ga an shiga haɗari: shawara za ta taka ƙasa, a gane ko ka sani ko ba ka sani ba. Arteta na Arsenal kuwa ba zai taɓa jin ka ba har abada, saboda haka ba zai taɓa ƙaryata ka ba. Mai hankali yana ajiye iliminsa inda hannu ba ya kaiwa.

Ranar 1 ga Satumban 2025 aka rufe kasuwar bazara, Liverpool ta ɗauke Alexander Isak daga Newcastle a kan fam miliyan 125, kuɗin da ba a taɓa biya ba a Ingila. Majalisa ta yi zaman bita har sha biyu ta gota. Ɗan kabu-kabu ya ce da shi ne da ya ƙara biyar an gama tun Yuli. Telan ya ce duk ba a sayi abin da ya dace ba, amma ba komai, akwai kasuwar Janairu, yana da sunaye uku. Muka miƙe muna kaɗe riguna. Mai shayi, wanda duk damina bai tofa ko kalma ɗaya ba, ya jawo wani ɗan littafi mai maiƙo daga ƙarƙashin gwangwanin madara, ya lashi yatsa, ya buɗe.

"Alhazai, tun da an gama sayayya, wa ka biyan na watan jiya?"

Ɗan kabu-kabu ya shafa aljihu, ya dubi sama kamar mai duban hadari, ya ce a rubuta.