An Kammala, In Ji Manhaja

Manhajar ajiyar fayil akwai biyayya. Ka ce ta kwafa, ta kwafa. Ba ruwanta da ko masu gida na ciki suna aiki.

Ga Firefox nan. Tarihin duk shafin da ka leƙa yana cikin wani fayil, places.sqlite, kuma muddin burauza na buɗe, ana iya rubutu a cikinsa ko yaushe. Sai ga rsync, ɗaya daga cikin irin manhajojin nan, ya yi sallama, ya hau kwafa daga farko. Tamkar yaron da aka sa ya kwafe littafin bashin mai shago ana tsakiyar ciniki. Yana shafi na goma, Alhaji ya koma na biyu ya soke bashin mai shayi, ya mai da shi na sha biyu. A kwafin yaro, bawan Allah sau biyu ake binsa.

Wani cinikin ma bai shiga littafin ba tukuna. SQLite, mai kula da places.sqlite ɗin, kan tara sabon rubutu a wani ɗan fayil na gefe mai ƙarewa da -wal. Wannan yana aljihun Alhaji, kuma babu wanda ya ce wa yaro ya laluba.

Duk da haka manhaja ta kunna koriyar alama. An kammala. Kowa ya yi barci har da minshari, sai ranar da faifai ya mutu aka buɗe ajiya, ta ce ita ba ta san zancen ba.

Magani akwai, har da na kyauta: rufe burauzar kafin a kwafa. To amma shafuka arba'in ne a buɗe, kuma duk yau za a karanta su, in sha Allah.