Wasiƙar Muflisi Zuwa ga Mai Girma Banki

Zuwa ga Mai Girma Banki, ma'ajin dukiyar jama'a, mai ƙofar ƙarfe wadda ba ta shigar da mutum biyu a lokaci guda.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan kana lafiya, kai da manajojinka da akawunanka, da ɗan sandan da ke gyangyaɗi a bakin ƙofarka. Amma bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne mutumin nan mai cinikin hatsi a kasuwar Zuru, wanda a da in ya shigo akan ba shi kujera, a kawo masa ruwan sanyi, a kira shi Alhaji, wanda kuma a makon jiya ya yi sa'a uku bisa benci riƙe da takardar neman bashin mota, har akawunka, yaro mai tarbiyya wanda na san mahaifinsa, ya danna lambata a kwamfuta, ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo, sa'an nan ya tambaye ni lafiyar iyali. Daga nan na san an riga an yanke hukunci, domin ba a tambayar mutum iyali a tsakiyar magana sai in jaje za a yi masa.

Ba zan ɓoye maka kome ba, tun da ramin ƙarya ƙurarre ne: na karye. Na ci bashi na sayi dawa da masara daga Ribah da Bena da Dirin Daji. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tsayar da ciniki cak. Sai aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin lodi ya ninka. Manoman ƙasar Wasagu da na ba taki bashi kuwa 'yan bindiga suka raba su da gonakinsu, ba shi kuwa halatta ga mai imani ya bi wanda ya tsira da rigar wuyansa bashi. Da na yunƙura na sake cika sito, sai farashin hatsi ya faɗi a 2025, ya faɗi da ni. Na ji an ce akwai dokar karayar arziki tun 1979, wadda Babbar Kotun Tarayya ke hukunci da ita, amma mu a Zuru kasuwa ce alƙalinmu, hukuncinta kuwa ba ya bukatar lauya: da farko maroƙa su daina ganinka, sa'an nan Alhaji ya koma Malam, daga bisani Malam ya koma “wannan bawan Allah”.

To, da yake na ɗan zauna gaban malamai kafin kasuwa ta ɗauke ni, na san fuƙaha'un Malikiyya ba su bar irina a banza ba, har babi guda Shaihu Halil ya keɓe wa muflisi a cikin Muhtasar. Alƙali yakan yi masa hajru, wato ya ɗaure masa hannu daga dukiyarsa, ya sayar da abin da ya mallaka, ya raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, ya bar masa tufafin jikinsa da abincin iyalinsa. In an gama rabo kuwa sai a kwance masa hannu, ya koma neman halalinsa, wanda yake cikin ƙunci a saurara masa har ya sami yalwa, kamar yadda Alƙur'ani ya yi umurni a ƙarshen Baƙara. Ni an yi mini rabon, an sayar da sito da fili da babur, amma kwance hannun ne har yau ban gani ba. Tun da aka ƙago lambar BVN a 2014, aka yi dokar tattara tarihin masu cin bashi a 2017, aka kuma ba ku iko tun Agustan 2020 ku miƙa hannu cikin ajiyar mai bashi a kowane banki take, sai kuka zama kamar gida ɗaya mai ƙofa da yawa, wanda ya yi tuntuɓe a zaure ɗaya a ji ƙararsa a sauran. Mala'ikun rubutu biyu ne, na dama da na hagu, an kuma ce na hagun yakan jinkirta ko bawa zai tuba; kai kuwa, ranka ya daɗe, na hagu kaɗai ka ɗauka aiki, ka kuma hana shi jinkiri. Shekaru goma sha da na yi ina biya a kan kari, ban ga inda aka rubuta su ba.

Akawun naka, don ya sallame ni da mutunci, ya karanta mini sharuɗɗa: albashi mai shigowa duk wata, da babban ma'aikacin gwamnati da zai tsaya mini, da kashi talatin cikin ɗari na kuɗin motar a hannu, da inshora mai tsada, da wata na'ura da za a liƙa wa motar ta riƙa kai maka tsegumin duk inda ta kwana. Sa'an nan ga ruwa, wanda tun da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a Nuwamban 2024, naku ya zama ambaliya. Na tsallaka wurin 'yan'uwanka da ba sa cin riba, masu sayen mota su sayar maka da murabaha, aka yi mini sallama cikakkiya da Larabci mai daɗi, sa'an nan aka buɗe wannan littafi dai naka na tarihin masu cin bashi. A hanyar gida na ƙirga mutanen da na sani a Zuru waɗanda suka cika sharuɗɗan nan, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kowannensu kuwa yana da mota biyu.

Kada ka zaci motar alfarma nake nema don zuwa ɗaurin aure. Tsohuwar Golf nake so, 'yar Kwatano, in riƙa jigilar fasinja zuwa Kwantagora ta Rijau, ko zuwa Koko ta Dabai da Mahuta, hanyoyin da na san raminsu kamar yadda na san haƙoran bakina. Wannan mota garma ce, wanda aka hana garma kuwa ba a tambayarsa damin bara.

Ka kuma yi mini gafara in tuna maka cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Henry Ford na Amurka, kamfaninsa na farko rushewa ya yi kafin ya kafa wanda duniya ta sani a 1903. Kamfanin General Motors, da girmansa, ya je gaban alƙali da takardar karaya a 2009, gwamnati ta tallafe shi. A gidanku ma, bankuna 89 ne suka koma 25 a ƙarshen 2005, har Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya narke cikin wani. A 2009 Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don kada waɗansunku su kife, a 2010 kuma aka kafa AMCON ta saye muku ruɓaɓɓun basussukan manya. Ban ji an nemi ɗayanku ya kawo mai tsaya masa ba. Ashe faɗuwar babba sunanta gyaran tattalin arziki, ta ƙarami ce ake kira rashin amana.

Saboda haka ga shawarar da na zo da ita, daga al'adar ƙasarmu. Kakana Badakkare ne, bai kuwa auri kakata da ko anini ba. Golmo ya yi: shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa, shi da samarin ƙungiyarsa, har ranar da aka yaye su a bikin Uhola, aka ba shi matarsa. Kada ka ce wannan bidi'a ce ta mutanen dutse, domin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya isa Madyana ba shi da kome, aka aura masa 'ya bisa sharaɗin aikin shekara takwas, ba a aika Masar a tambayi tarihinsa ba. Surukin Badakkare kunyar da saurayi ya tayar a gona yake dubawa. Kai kuwa kunyar da mutum ya sha a kasuwa kake dubawa. Ina roƙonka ka karɓe ni golmo. Ka riƙe takardun amarya, wato motar, a akwatinka, ka liƙa mata 'yar tsegumin nan taka, ni kuwa in kawo maka balas kowace magariba, in wanke motar manaja ranar Asabar, da damina in zo da abokaina mu nome furannin ƙofarka. Wanda ya taɓa ganin an yi gwanjon tabarmarsa a gaban maƙwabta, wallahi ya fi mai albashi tsoron ranar biya, domin jiki magayi.

In kuwa hakan bai samu ba, babu kome, in amarya ba ta hau doki ba, ba a ɗora mata kaya. Abin da nake roƙo kawai a daina aiko mini saƙo a waya cewa na cancanci rance. Uwargida ta riga ta sa ni cikin adashinsu, inda uwar adashi ke riƙe da tarihin kowa a ka, amma ta san bambancin macuci da wanda ƙaddara ta faɗa wa. Kwasata za ta zo, in Allah ya yarda, ko da bayan shekara uku ne. Ranar da na sami motar, in na tarar da akawunka tsaye a rana a hanyar Rijau, motarsa ta mutu, zan tsaya, in dube shi, in dubi motar, in sake dubansa, in tambaye shi lafiyar iyali. Sa'an nan in buɗe masa gidan gaba, kuɗin mota kuwa ya biya ranar da ya samu.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyashe ka da irin littafinka. Wassalam.

Ni ne baranka mai biyayya,
Tsohon Alhaji, sabon ɗan golmo,
Zuru.