Ma'aikata Biyar da Ke Jiran Baƙo a Babban Otel

Baƙon da ya zo Madarunfa ziyarar kaburburan waliyyai 99 ko kallon tafki, in aljihunsa da nauyi, Maradi yake komawa ya kwana, don can manyan otel suke. Abin dariyar shi ne, tarbar da mai suyar karfasa ta yi masa a bakin tafki da rana ta fi wadda zai samu da dare a gidan da ke karɓar jikkuna masu yawa. Ba halin mutanen birni ne ya lalace ba. Mai kifi ta san in ta ɓata wa mutum rai gobe wurin maƙwabciyarta zai zauna, shi kuwa ma'aikacin otel albashinsa na nan ko baƙo ya dawo ko bai dawo ba. Wannan ne ya haifi mutum biyar da duk mai shiga irin waɗannan gidaje ya sani.

Na farko shi ne Mai Waya, wanda aka ajiye a teburin karɓar baƙi. Ka yi sallama sau uku, ya amsa rabin guda, idonsa na kan WhatsApp, ya miƙo makulli ba tare da ya ga fuskarka ba. Na biyu Mai Awon Riga. Tun daga ƙofa yake ƙiyasta kuɗin shaddarka. Mai babbar riga da mota shi ne "Alhaji, ranka ya daɗe", wanda ya sauko daga kabu-kabu kuwa "Malam, wa kake nema?", ko da dillalin shanu ne da zai iya sayen kujerun gidan duka. Na uku Malam Ya Ƙare. Zai kawo maka takardar abinci mai shafi huɗu da Faransanci, ka zaɓi kifi ya ce ya ƙare, ka zaɓi zabo ya ce yanzun nan aka cinye, sai kun zagaye takardar kaf sannan ya faɗi gaskiya, shinkafa da kaza ne kawai a madafa. Na huɗu Yanzu-Yanzu, wanda ke karɓar saƙonka bayan magariba ya ɓace, ka yi isha'i ka dawo, ya ɓullo da fara'a yana tambaya, "Me ma kuka ce a kawo?" Na biyar shi ne babbansu, Sai Haƙuri. Famfo ba ruwa, sai haƙuri. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a tsakiyar zafin Afrilu, sai haƙuri. Amma ranar biya ba ya rage ko dala ɗaya, haƙurin naka ne, kuɗin nasu.

Wani zai ce a yi musu uzuri, albashin kaɗan ne, wuta kuma tana ɗaukewa. Gaskiya ne, kuma mai otel da ke biyan yaransa abin da bai kai su ƙarshen wata ba shi ne farkon mai laifi. Sai dai mai shayin tasha ba shi da albashi ko injin wuta, amma ya san wanda ke son sukari da yawa da wanda likita ya hana. Ɗaukewar wuta ba ta hana gaisuwa, an kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wani kuma zai ce baƙi ma suna da nasu, akwai mai tafa hannu yana kiran magidanci "kai yaro". Wannan rashin tarbiyya ne, amma shi ya biya kuɗinsa ya tafi, ba a kuma rama laifinsa a kan wanda ya zo bayansa. Tushen matsalar yana wurin ciniki. Yawancin ribar irin waɗannan gidaje daga tarurrukan ƙungiyoyi da ma'aikatu take zuwa, inda ake kama ɗakuna da yawa a biya da takarda, mai cin abincin daban mai biya daban, don haka baƙo guda da ya zo da kuɗin guminsa ba shi da nauyi a sikeli.

Wannan lissafin ba zai ɗore ba. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi, in ya kammala zai ƙaro fatake masu biya daga aljihunsu, kuma su ba sa komawa inda aka wulaƙanta su. Masu otel, ku biya ma'aikata haƙƙinsu, ku saka wa wanda baƙi suka yaba, ku soke duk abincin da ba ku dafawa daga takarda. Kai kuma baƙo, in an ce maka sai haƙuri, ka nemi ragi kafin ka biya.