Risala a Kan Ciyar da Tsuntsayen Gaɓa, Domin Amfanin Mutanen Bawku

Ka sani, ya kai mai neman ilmi, wannan fanni rukunansa uku ne: gaɓar teku, da tsuntsu, da mutumin da ba shi da uzurin gaggawa. Bawku na da tsuntsu har ya yi mata yawa. Rukuni na uku ma ba a rasa shi a bakin tasha bayan la'asar. Tangarɗar tana ga na farko, domin wanda ya nufi teku daga Bawku sai ya bi ta Bolga, ya ratsa Tamale da Kumasi, tafiyar fiye da kilomita 700. Fataken albasa da ke kai kaya Akra su ne suka fi kowa kusantar cika wannan sharaɗi, amma su lissafin buhu ke gabansu.

Cibiyar fannin tana Ingila. A can aka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a 1889, don hana cire gashin tsuntsu ana ƙawata hulunan mata. Tun 1979 kuma, kowane watan Janairu, jama'a kan zauna awa guda cur suna ƙirga tsuntsayen da suka sauka a bayan gidajensu, su aika da adadin. Hatsin da suke watsa musu da kuɗi suke saye a kanti. Na san mai karatu zai so ya sake duba wannan jimla. Daidai take.

Gaɓar Gana ma ba a bar ta a baya ba. A 1992 aka sa tafkunan bakin teku biyar, wato Keta, Songor, Sakumo, Densu da Muni, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su yi hunturu a nan. Kafin nan yaran masunta sun daɗe suna ciyar da baƙin da ƙananan kifaye, sai dai akwai tarko a jikin kifin. Malamai ba su inganta wannan ciyarwa ba, saboda raunin niyya. Sai da aka kafa shiri na musamman a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, don a karantar da yaran cewa baƙo ba nama ba ne.

To, ina hukuncin wanda ba shi da teku? Magana mafi rinjaye ita ce kogi yana isar masa. Farar Volta, wadda mutanen Burkina ke kira Nakambe, tana da yashi, tana da ruwa, kuma a kusa da Sapeliga, cikin gundumar Bawku ta Yamma, tana da wani ɗan tsuntsu mai toka-tokan fiffike da baƙin layi a ƙirji, wanda Turawa ke biyan kuɗin jirgi don su zo su gani. Suna danganta shi ga Masar, ko da yake ya daɗe da barin can. Tsuntsu ne mai dabara: yakan binne ƙwansa cikin yashi, idan rana ta take ya jiƙa cikinsa a kogi, ya dawo ya sanyaya wurin. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ruwaito cewa akwai tsuntsun da ke shiga bakin kada yana tsince masa abin da ya maƙale, na baya kuma suka ɗora wa wannan bawan Allah aikin. Shekara fiye da dubu biyu ke nan ana jiran ya yi a gaban shaidu. Ɗalibin da ke son tabbatar da ruwayar da kansa, ya fara sallamar iyalinsa.

Wasu sun ƙara da cewa kogin kan zama teku na wucin gadi, wajen Agusta ko Satumba, idan aka buɗe ƙofofin madatsar Bagre ta Burkina, ruwa ya shanye gonakin fadama. Wannan gaskiya ne, amma ba a so ɗalibi ya je wa manomin da masararsa ke ƙarƙashin ruwa da maganar yawon shan iska.

Yanzu ga ciyarwa kanta, kuma a nan ne mazhabar Bawku ta rabu da ta Ingila. Su a wurinsu mutum ne ke yanke shawarar ciyarwa. A nan tsuntsu ne. Geron farko da Kusasawa ke kira naara yakan nuna wajen Yuli, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauran hatsi kuma bai ko yi kai ba. Babu wani abinci a fili sai shi, don haka kabare da jan-baki da danginsu sukan amsa gayyatar da ba a aika ba. Shirwa ta ɗauki nata rabon daga 'ya'yan zabi, hankaka ya duba abin da aka shanya, balbela ta bi shanu su tayar mata da fara. Idan aka auna da mudu, manomi ɗaya na Binduri ko Pusiga mai yiwuwa ya fi unguwa guda a Landan ciyar da tsuntsu, kuma babu ƙungiyar da ta taɓa aiko masa da takardar yabo.

Kallo ma haka. Mai kallon tsuntsu a Bawku shekarunsa ba su wuce goma ba, kayan aikinsa majajjawa da gwangwani da maƙogwaro, yana fita tun asuba. Bai riƙe littafi, amma ya san wanda ke zuwa da hantsi da wanda ke jiran ya juya baya. Ilmin da wannan yaro ya gada sai a 2019 jami'a ta cim masa. Masu bincike na Jami'ar Exeter suka je garuruwan gaɓar Cornwall, suka ajiye soyayyen dankali a ƙasa, suka gwada tsuntsayen teku masu ƙwacen abinci: wani lokaci a zura musu ido, wani lokaci a kau da kai. Sakamakon ya nuna idan ana kallonsu sukan ƙara jinkirin kusan daƙiƙa 21 kafin su taɓa dankalin. Kowane mahauci da ya taɓa baje nama a inda shirwa ke shawagi zai iya ba su wannan amsa ba tare da an yi asarar dankali ba. Abin da aka fitar daga nan shi ne ciyarwa da kallo ba sa haɗuwa a lokaci guda: in ka kalla ba ta ci, in ta ci ba ka kalla ba.

Angulu kaɗai aka keɓe daga wannan ƙa'ida, domin ita ko an kalle ta ci take yi. Ta shekara aru-aru tana share mayanka da bayan kasuwa ba albashi, ladarta kawai a sa ta a karin maganar cinikin ha'inci tare da kan zabo. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa irin wadda muka saba gani cikin jerin masu gab da ƙarewa, saboda guba da masu farautar sassanta don tsibbu. Dattawa sun shaida cewa jinkayen da a da take cikawa yanzu fili ne. Wanda ya gan ta, to ya ƙirga, ko da ba Janairu ba ne.

Saura mas'ala ɗaya da aka yi saɓani a kanta. Idan baƙo mai madubin hangen nesa ya tsaya a gefen gonar gero tun safe har azahar yana kallon jan-baki, shin mai gona zai biya shi ladar tsaro? Wasu sun ce a biya, bisa hujjar daƙiƙa 21 ɗin nan. Mafi yawa sun ce a'a, domin shiru yake yi, har yana roƙon yaran su ma su yi shiru. Amma idan ya ga abin da ya zo nema, murna ta sa ya kwarma ihu, garken ya tashi, an haɗu a kan cewa ya cancanci koko da ƙosai biyu.