Bargon Da Ya Shiga Tarihi

A 1976, shekarar da aka fara nuna shirin talabijin na Charlie's Angels a Amurka, mai ɗaukar hoto Bruce McBroom ya je gidan jarumar shirin, Farrah Fawcett, a Los Angeles don ya ɗauke ta hoton fosta. Da hannunta ta yi kwalliya. Gashin nan da matan Amurka suka yi ta tururuwa shagunan gyaran kai don a yi musu irinsa, lemon tsami ta matsa masa ya yi sheƙi. Lemon tsami fa, na koko!

Da ta fito cikin jan kayan ninƙaya, sai gogan naka ya ga babu abin da zai rataya a bayanta. Ya ruga motarsa ya yayibo wani tsohon bargo mai ratsi-ratsi, saƙar Meziko, wanda yake shimfiɗawa a kujera.

Fostar ta sayu miliyoyi. Samari suka manna ta a bangon ɗaki, kowa ya rantse da shi take wa murmushi. A 2011, shekara 2 bayan rasuwarta, kayan ninƙayar suka koma gidan tarihi na Smithsonian.

Ni dai bargon nake tausayi. Ya sha zama, ya sha ƙura, ya fito a hoto sau miliyoyi, amma ko sisin kwabo bai gani ba. Ina kyautata zaton ma da aka tashi aiki kujerarsa aka mayar da shi, ba ko wanki.