Mai Gyaran Talabijin Ɗinku Ya Fi Ku Sanin Amurka

Na san abin da za ku ce. "Malam, ana fama da tsadar taki, kai kuma ka zo mana da labarin akwatin wasan Turawa?" Na ji, Alhaji. A dai gyara zama, tabarmar ba ta haya ba ce.

A 1979 kamfanin Atari na Amurka ya fito da wasan Asteroids, akwati ne mai tsayin mutum, a jefa kwabo a yi ta harbin duwatsu a sararin samaniya. Bayansa Battlezone ya zo a 1980, Tempest a 1981. Kwalbar da ke ciki 'yar'uwar ta tsohuwar talabijin ɗin nan ce mai ƙusumbi, wadda kuka tura ƙuryar ɗaki da filasma ta shigo. Bambancin yana wajen zane. Talabijin tana bin gilashi ne kunya-kunya kamar mai huɗa, layi 625 daga sama har ƙasa, ko da abin nunawa ko babu. Ita kuwa ta Atari, wadda ake kira bekta, tsinin haskenta kai tsaye yake zuwa inda ake so, ya ja layi daga nan zuwa can, ya ɗauke. Sashe ɗaya ke tura shi dama da hagu, wani sama da ƙasa.

"To sai me?" in ji na bayan can, mai hula a karkace. Sai ka je rumfar mai gyara a Faskari ko Funtuwa da talabijin ɗin da hotonta ya tattare ya koma farin layi guda kwance a tsakiya. Ba zai ma ajiye kofin shayinsa ba zai ce maka ɓangaren sama da ƙasa ne ya kwanta. Ya kwance baya, ya juya fanel, ya kanne ido yana bin ƙafafun aisi, sai ga wani siririn zobe a jikin dalma inda zafi ya tsaga ta. Ya ɗora ƙarfe mai zafi, hayaƙi ya tashi, hoto ya buɗe. Kai kuma ka fara cinikin kuɗin aiki, wai ai minti biyar ya yi.

Baturen da ke kwana a gareji kan akwatin Tempest, karatun nan dai yake yi. Layi kwance, sama da ƙasa ya mutu. Layi a tsaye, dama da hagu ne. In rabin hoto ya ɓace, ɗaya daga cikin transistoci biyun da ke jan tsinin ne ya ƙone, domin ɗaya na ja gefe ɗaya, ɗayan na ja ɗaya gefen. Injin Wells-Gardner 6100 da ke cikin Tempest ya yi ƙaurin suna a kan haka, da kuma tsagewar dalma a gindin filogai.

Inda abin ya fi burge ni shi ne in gilashi ya yi duhu ɗungurungum. Ku da kun ce kwalba ta mutu, a kai wa 'yan jari-bola. Alhali sau da yawa da gangan injin ya kashe hasken. In tsinin ya tsaya wuri ɗaya zai ƙona fentin cikin gilashi ya bar tabo har abada, shi ya sa aka sa masa mai gadi, da zarar motsi ya tsaya sai ya datse haske ya kunna wata 'yar jar fitila a kan fanel. Mai gyara na ganinta ya san tambayar da ta rage: allon wasan ne bai aiko da saƙo ba, ko injin hoton ne ya kasa karɓa? Sai ya kasa kunne, domin lafiyayyen bekta yana wata 'yar siririyar ƙara in yana zane. Ya ɗora mita a kan wayoyin da suka fito daga allon wasan. In lamba na rawa, allo ya fita daga zargi.

Na hango wani matashi daga Ƙanƙara yana murmushi, wai shi a gidan gem ya tashi, PlayStation ya sani, kuma komai akwai shi a YouTube. Madalla, ɗan samari. Amma ka ga robar nan mai kama da faifai da ke manne a bayan kwalba, da jar waya mai kauri? Wutar da ke bi ta nan a talabijin mai kala tana haura bolt 20,000, kuma kwalbar kan riƙe saura ko an zare filogi. Ogan rumfa yakan ɗaure sukundireba da waya zuwa jikin ƙarfen injin, ya zura ta ƙarƙashin robar da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu, sai an ji ƙyas sannan ya taɓa. In ka ƙi jin tawa, ka tambayi yaransa wanne ne a cikinsu ya taɓa yin gaggawa. Za ka gane shi tun kafin ya amsa, shi ne wanda sauran ke kallo suna dariya.